Sauya sarbon giyar 4L60E a gida: tambayoyi da amsoshi ga masu a-kori-kurar Chevrolet da GMC

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu Silverado, Sierra, Tahoe, Suburban da danginsu, waɗanda suka ji ana cewa sauya sarbo yana ƙara wa giyarsu ta otomatik ƙarfi, suke kuma son su yi aikin da hannunsu. Motocin na Amurka ne, ana kuma yawan ba da awon kayansu da inci, saboda haka duk inda awo ya zo mun haɗa da milimita.

1. Mene ne sarbo, kuma mene ne aikinsa a cikin giya?

A cikin giyar 4L60E akwai wata ganga ta ƙarfe da ke juyawa, an kewaye ta da ɗamara mai shafin birki a cikinta, wadda makanikai ke kira ban. Idan ɗamarar ta matse gangar ta tsayar da ita, mota ta shiga giya ta biyu ko ta huɗu. Idan ta sake ta, mota na giya ta ɗaya ko ta uku. Abin da ke matse ɗamarar shi ne sarbo: fistin ne da man giya ke turawa, shi kuma ya tura wani tsinken ƙarfe da ke tokare da bakin ɗamarar.

Fistin biyu ne a jere cikin rami guda. Na ciki shi ke kama giya ta biyu, na waje da ke zaune cikin murfi shi ke kama ta huɗu. A giya ta uku kuwa, mai yana shiga ta bayan fistin na biyu ya maido shi baya, daidai lokacin da kulocin 3-4 ke kamawa. Wannan musayar hannu tsakanin ɗamara da kuloci ita ce asalin yawancin abubuwan da ke lalacewa idan aka yi aikin da gaggawa, kamar yadda za ka gani a tambaya ta 10 da ta 13.

2. Ta yaya zan tabbatar giyar motata 4L60E ce?

Buɗe akwatin gaban fasinja, za ka ga farar takarda manne da lambobi masu haruffa uku-uku. M30 na nufin 4L60E, M32 na nufin 4L65E, M70 kuma 4L70E. Dukansu tsarin sarbonsu ɗaya ne. In ka ga MT1, taka 4L80E ce ta manyan motocin 2500 da 3500, bayanin nan bai shafe ta ba. In ka ga MYC, 6L80 ce mai giya shida, ita ko ɗamara ba ta da ita.

Idan takardar ta ɓace, ko kana zargin an taɓa sauya giyar, leƙa ƙasa ka ƙirga notinan kaskon mai: 16 ne a 4L60E, 17 a 4L80E. Sannan ka duba gefen dama na giyar, wajen kujerar fasinja. Za ka ga wani zagayayyen murfin alminiyum kamar gindin gwangwani, babu noti ko ɗaya a jikinsa, zoben waya kawai ke riƙe da shi. Shi ne murfin sarbo. GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet da GMC, ta fara sa 4L60E a a-kori-kura a 1993, ta gaje ta daga 700R4 da ta fito a 1982.

3. Me ake nufi da "sarbon Corvette"?

GM ba fistin iri ɗaya ta sa wa kowace mota ba. Akwai girma daban-daban, ana gane su da lambobi uku na ƙarshe da aka zuba a jikin alminiyum ɗin. 554 shi ne mai ƙaramin ƙarfi, 553 shi aka fi samu a a-kori-kura masu injin V8, 093 kuma shi ne na Corvette, motar tsere ta Chevrolet, wanda ya fi su faɗin wurin da mai ke dannawa. Matsin mai iri ɗaya a kan fili mai faɗi yana ba da ƙarfin matsa mai yawa, lissafin ke nan gaba ɗaya.

Abin da ke rikita masu saye shi ne daga waje duk girmansu ɗaya, tunda rami ɗaya suke shiga. Bambancin yana wuyan fistin da ramin gidansa. Wanda wuyansa ya fi siranta shi ya fi ƙarfi, domin ya bar wa mai fili mai yawa a kewaye. Don haka fistin da gidansa tare suke tafiya, ba a haɗa fistin 093 da gidan 553. Kuma kafin ka yi murna, ka sani cewa idan an taɓa buɗe giyar, mai yiwuwa wanda ya gyara ta ya riga ya sa 093. Ana yawan buɗewa a tarar da shi zaune.

4. Wane canji zan ji a tuƙi?

Shiga daga ta ɗaya zuwa ta biyu za ta gajarta ta yi kauri. Wannan jan ƙafa da giyar ke yi, kamar mai tunanin ko ta shiga ko kada ta shiga, zai ragu. Da sauƙin totur ba lalle ka ji wani babban abu ba, sai ka taka sosai ko kana ɗauke da kaya bambancin ke fitowa. Ribar ta gaske ba a jin ta a kujera: duk daƙiƙar da ɗamara ta yi tana goga a kan ganga kafin ta kama, zafi ne da cin shafi. Gajarta wannan lokacin yana tsawaita ranta.

Ba zai ƙara wa injin ƙarfi ba, ba zai rage shan mai ba, kuma bai taɓa giya ta huɗu ba, domin fistin ta huɗu yana nan yadda yake (duba tambaya ta 15).

5. Giyata ta fara sulɓi. Sarbo zai gyara ta?

Galibi a'a. Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo asarar kuɗi. Sarbo mai ƙarfi yana taimaka wa lafiyayyar giya ta daɗe, ba ya tayar da matacciya. Kafin ka sayi komai, zaro ma'aunin mai ka ɗiga a farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu, babu wari, to da sauran magana. Baƙi ko ruwan ƙasa mai ƙaurin ƙuna, shafi ya riga ya ƙone, sai saukewa.

Alamomin ma suna faɗin inda ciwon yake. Mota na tafiya lafiya a ta ɗaya da ta biyu, da ta zo shiga ta uku sai injin ya yi ihu babu ja: kulocin 3-4 ne ya ƙone, wanda shi ne sanannen raunin wannan giya. Babu ribas, babu ta biyu, babu ta huɗu, a lokaci guda: wani kwanon ƙarfe ne da ke haɗa ganga da haƙoran baya ya karye, sarbo ba shi da laifi. Mota na shiga ta biyu da duka mai ƙarfi bayan doguwar tafiya, kwamfutar duba mota ta nuna P1870: bawul ɗin konbata (abin da ke haɗa injin da giya) ne ya cinye raminsa, kwamfutar motar ta ɗaga matsin mai don kare giya. Ka ɗora sarbon Corvette a kan wannan, duka ya zama biyu. P0751, P0753, P0756 da P0758 kuwa maganar solenoyid ɗin sauya giya ce (bawul masu aiki da lantarki) ko wayarsu.

Inda sarbo ke da hannu da gaske shi ne idan ta biyu ce kaɗai ke da laushi, mai yana da tsabta, babu lambar matsala. Nan ana iya samun sil ɗin fistin ya mutu, ko ɗamara ta ɗan ci har tsinke ya yi mata gajarta. Na biyun awo ne ke gano shi, bayaninsa na tambaya ta 10.

6. Me zan saya, kuma wane kayan aiki nake bukata?

Kunshin sarbon Corvette ya kamata ya zo da fistin na biyu, gidansa, da cikakken jerin sil: na fistin biyu, na gida, na fistin ta huɗu, ƙananan na jikin tsinke, da zoben roba na murfi. Idan babu zoben murfi a ciki, nemo shi kafin ka fara, domin tsohon yanke shi za ka yi. Tsinke, sifirin-sifirin, wosha da ƙaramin makulli mai kamar harafin E, na tsohon za ka maido. Yana da kyau ka sayi makullin na ajiya, yana da halin tsalle ya ɓace cikin ƙasa.

Kayan aiki ba su da yawa: jak da tokari huɗu masu ƙarfi, doguwar libar taya, sukundireba mai faɗin baki ƙarama da babba, ƙugiyar zaro sil, filaya mai faɗin baki, matsi ko bayis, agogon awo ko baniya (ma'aunin kauri da zurfi mai zamewa), basilin, lita ɗaya ta man giya, da tsumma marar zare. Giris ɗin taya ko na shasi ba ya shiga nan ko kaɗan. Ba ya narkewa cikin man giya, sai ya je ya toshe ƙananan hanyoyi. Basilin kuwa da mai ya yi zafi ya narke.

7. Sai na sauke giyar?

A'a, kuma ba sai ka buɗe kaskon mai ba. Matsalar fili ce kawai. Dole kayan su fito ta gefe da tsawon tsinkensu, a gabansu kuma akwai garkuwar zafi, salansa, da bututun da ke kai mai lagireto. Garkuwar kwance ta ake yi. A wasu motocin daga nan an samu hanya, a wasu sai an sassauta salansa, ko a tokare giya da jak, a kwance notin mazauninta na baya a ɗan tura ta wajen direba, ko a cire gadar da take zaune a kai a sauke wutsiyarta kaɗan.

Idan za ka sauke wutsiya a tsofaffin motoci na 1988 zuwa 1998 masu injin 5.7, ka sa ido kan distiributa. A bayan injin take, dab da bangon gaba, kaɗan za ka wuce gona da iri murfinta ya fashe. Fanka ma tana iya taɓa gidanta. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa tokari, a danne tayoyi da dutse ko katako, a bar salansa ta huce sarai, domin hannunka a jikinta zai yini.

8. Yaya ake ciro shi?

Fara da wanke kewayen murfin. Laka da tsatsa suna taruwa a ramin zoben, duk abin da ka bari kuma cikin giya zai faɗa. Sa libar taya a tsakiyar murfin, ka jingina ta da jikin mota ko shasi da ɗan katako a tsakani, ka danna murfin ciki. Zai shiga kaɗan, zoben kulle ya saki. Da ƙaramar sukundireba ka ɗago bakin zoben ta ɗaya daga cikin tsagin da ke bakin ramin, ka bi shi a hankali har ya fita. Idan murfin ya ƙi motsi, ɗan bubbuga shi da gudumar roba bayan ka fesa masa man sassauta tsatsa.

Yanzu kama murfin da filaya ka jawo shi kana murzawa. Zai taho kaɗan ya tsaya, domin zoben robarsa ya faɗa ramin zoben kulle. A nan mutane ke fara dukan abin da bai kamata ba. Dabarar ita ce ka leƙa ta tsagin, ka ga robar, ka ƙugiye ta ka ja waje, ka yanke, ka zare ta gaba ɗaya kamar zaren wando. Murfin zai fito da hannu. Ajiye kwano a ƙasa, mai zai zubo amma bai kai wani abu ba.

Fistin ta huɗu yakan biyo murfin. Kafin ka raba su, ɗauki hoto da waya, ka ga wace fuska ke kallon waje. Sannan jawo sauran kayan dunƙule guda. A can ƙurya akwai sifirin mai maido da fistin, wani lokaci yana biyo tsinke, wani lokaci yana maƙalewa a ciki. Ka tabbata ya fito ka gan shi. Muddin ramin na buɗe, kada a tayar da injin, kada a tura motar.

9. Yaya ake kwashe kayan tsohon a mayar kan sabon?

Shimfiɗa tsumma mai tsabta, ka jera komai yadda ya fito. Zare gidan daga kan fistin. A ƙarshen tsinke za ka ga makullin E, wosha, da ƙaramin sifirin. Danne woshar, ka zare makullin da tafin hannunka rufe da shi, tsinke ya fita ta ɗaya gefen. Juya fistin, za ka ga farantin ƙarfe da zobe ke riƙe da shi, a ƙarƙashinsa akwai sifirin mai kauri da ke tausasa kamun ɗamara, a wasu shekarun biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Matse farantin a bayis, cire zoben, saki a hankali. Ka mayar da su cikin sabon fistin a jerin da suka fito.

Wasu na cire wannan sifirin su sa ƙarfe a madadinsa don giya ta riƙa duka. Ga motar aiki da ake hawa kullum, ba mu ga amfanin hakan ba. Bar shi.

Kafin sil, duba tsinken: idan jikinsa ya yi zane mai kama farce, sauya shi. Zura shi shi kaɗai cikin raminsa a jikin giya ka girgiza. In yana rawa sosai, ramin ya cinye, mai zai riƙa tsallakawa daga wata hanya zuwa wata, kuma babu girman fistin da zai rufe wannan. Amma kada ka sa sababbin sil tukuna. Awon tambaya ta 10 ake fara yi, ba tare da su ba.

10. Me ya sa ake ta maganar tsawon tsinke? Ba a mayar da tsohon kawai ba?

Ana mayarwa, sau da yawa kuma a dace. Amma wannan awon ya fi girman fistin muhimmanci, shi ne kuma abin da masu gaggawa ke tsallakewa. Ɗamarar 4L60E ba ta da notin gyara. Tsawon tsinke kaɗai ke yanke tazarar da ke tsakaninta da ganga. GM ta yi shi tsawo uku, ana gane su da tsaga a kusa da bakinsa: mai tsaga ɗaya shi ne gajere, mai tsaga biyu matsakaici, marar tsaga shi ne dogo. Tsakanin kowane da na gaba kusan milimita ɗaya da rabi ne. A masana'anta an zaɓi wanda ya dace da sabuwar ɗamara, taka kuwa ta yi shekaru tana ci.

Ga yadda ake aunawa a gida. Haɗa sarbon gaba ɗaya da sifirin ɗin ƙurya, amma babu zoben robar murfi, ka zura shi, ka sa zoben kulle. Kafa agogon awo a fuskar murfin, ka mai da allura sifili. Danna murfin da liba har ka ji ya tsaya cak, wato ɗamara ta kama ganga, ka karanta. Maimaita sau uku. Abin da ake nema shi ne inci 0.075 zuwa 0.125, wato kusan milimita 1.9 zuwa 3.2. In ba ka da agogo, auna da wutsiyar baniya daga bakin rami zuwa murfi, a sake da kuma a danne, ka cire wannan daga wancan. Wakilan GM na da nasu ma'auni mai lamba J 33037, amma sakamakon ɗaya ne.

Idan tafiyar ta wuce 3.2, tsinke ya yi gajarta. Fistin zai yi doguwar tafiya kafin ya kama, ta biyu ta makara ta shigo da duka a ƙarshe, sannan wajen shiga ta uku mai ya ɓata lokaci yana cika bayan fistin maimakon ya matse kulocin 3-4. Magani shi ne tsinke na gaba da shi a tsawo, ko dogon da kamfanoni irin su Sonnax ke sayarwa wanda ake gogewa a daidaita. Idan kuma ko dogon bai cike tazarar ba, ɗamarar ce ta ƙare. Idan tafiyar ba ta kai 1.9 ba, ya yi tsawo, ɗamara za ta riƙa goga a ta ɗaya, ta uku da ribas, ta ƙone cikin ɗan lokaci. Goge bakinsa kaɗan-kaɗan kana sake awo, ka kuma maido masa da zagayayyen kansa, kada ka bar shi da kaifi ko a shafe. Gwajin ƙarshe: tayoyin baya a sama, giya a N, juya farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya, da hannu gaba da baya. Ya kamata ta juya ba tare da an ji tana cijewa ba.

11. Na zo mayarwa, murfi ya ƙi shiga. Me na yi ba daidai ba?

Abu uku ne suka fi jawo haka. Ko sifirin ɗin ƙurya ya kwanta a karkace, ko sil ɗin fistin ya fita daga tsagarsa ya cije a bakin rami, ko kan tsinke bai zauna a gurbinsa na jikin ɗamara ba. Kada ka ƙara ƙarfi. Zaro, haska tocila cikin ƙaramin ramin, ka ga gurbin ɗamarar yana kallonka. Manna sifirin a jikin tsinke da basilin don kada ya faɗi, shafe kowane sil da basilin, ka tura kayan a miƙe kana ɗan murzawa.

Zoben robar murfi shi ma sai ya tsallake ramin zoben kulle kafin ya kai mazauninsa, a nan yake yankewa. Goge duk wani kaifi da sukundireba ta bari a bakin ramin, ka jiƙa robar sosai, ka danna a tsakiya daidai. Bayan ka sa zoben kulle, bi shi da yatsa zagaye guda. Rabin zobe a ciki rabi a waje yana riƙewa a gareji, amma a kan titi matsin giya ta huɗu zai harbo murfin, man ya zube a kan salansa mai zafi.

12. Wane mai zan ƙara, kuma nawa?

Yawancin motocin da suka fito kafin 2006 da Dexron III suka zo, daga nan GM ta koma Dexron VI, wanda ya dace da tsofaffin ma. Aikin sarbo kaɗai ba ya cin ko lita ɗaya. Idan ka haɗa da sauya tacen mai, buɗe kasko yana cin kusan lita 4.7, notinansa kuma ana ɗaure su da niyuton-mita 11 kacal. Ɗauri fiye da haka yana lanƙwasa bakin kasko ya jawo yoyo.

Ana duba man ne injin na aiki, mota a fili madaidaici, giya a P bayan an bi da libar giya ta kowane matsayi, mai kuma ya yi zafin aiki, wajen digiri 82 zuwa 93 a ma'aunin Celsius. Kada ka cika fiye da alama, yawan mai kumfa yake yi.

13. Na gama, amma wani abu ya canza. Ina zan duba?

Babu giya ta huɗu, alhali a da akwai ta: kusan kullum fistin ta huɗu ne aka juya, ko sil ɗinsa ya yanke. Koma ga hoton da ka ɗauka a tambaya ta 8. Babu ta biyu da ta huɗu duka: tsinke bai shiga gurbin ɗamara ba, ko makullin E ya fice. Ta biyu ta fi yadda take a da laushi: sil ɗin fistin na biyu ya naɗe wajen shiga. Yoyo a murfi: zoben roba.

Idan wajen shiga ta uku motar na yin kamar an ɗan taka birki, ɗamara ba ta saki da wuri ba, kuloci ya riga ya kama, suna ja-in-ja. Duba ko tsinke ya yi tsawo. Idan kuma injin na ɗan ɗaga murya tsakanin ta biyu da ta uku, ɗamara ta saki kuloci bai kama ba. Nan a sake awo, a duba ƙananan sil na tsinke, da wani ƙaramin bawul mai ƙwallo da ke dashe a jikin giya a bayan sarbo. In yana yoyo, man kulocin 3-4 ne ke tsiyayewa, kuma a hankali zai ƙone shi.

Duka mai ɗan ƙarfi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Kwamfutar motar ta saba da tsohon fistin, ta koyi ƙara masa matsi. Za ta sake koyo da tuƙi, ko a goge abin da ta koya da kwamfutar duba mota mai iya hakan.

14. Na ga wasu sarbo da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyum, an ce sun fi na Corvette ƙarfi. Ba gara in sayi mafi girma ba?

Ga injin da aka ƙara wa ƙarfi, da giyar da aka buɗe aka sa mata faffaɗar ɗamara mai ƙarfafan kunnuwa da sabuwar ganga, suna da wurinsu. Ga a-kori-kurar da ba a taɓa cikinta ba, 093 ya isa. Duk ƙarfin da ka ƙara, wani abu ne zai ɗauke shi: kunnen ɗamara, da kwanon nan da muka ambata a tambaya ta 5, wanda dama a wuyansa yake karyewa. Kuma da yake man giya ta uku sai ya rinjayi man ta biyu kafin ɗamara ta saki, fistin da ya cika faɗi yana iya ɓata wannan ma'auni idan masu ƙera shi ba su lissafa da kyau ba.

Haka nan a yi hattara da tara gyara kan gyara. Kunshin gyaran allon bawul (allon da ke rarraba mai a cikin giya) irin na kamfanin TransGo, faɗaɗa ramukan farantin mai, babban bawul ɗin ƙara matsi, da sarbo, kowannensu yana kaurara shiga ta biyu. A haɗa su duka a matakin ƙarshe, mota ta riƙa kukan taya a mahadar titi da shayin fasinja a cinyarsa. Yi ɗaya, ka tuƙa mako guda, sannan ka yanke shawara kan na gaba.

15. Ina jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi. Ya kamata in sauya fistin ta huɗu ma?

Yana da ma'ana, tunda ramin ɗaya ne kuma ka riga ka buɗe. Manyan fistin ta huɗu suna zuwa da nasu murfin, suna ƙara riƙon ɗamara a kan babbar hanya. Wasu murfin sun fi na asali kauri, don haka a gwada fili tsakaninsa da salansa, a kuma sake awon tambaya ta 10 bisa takardar da ta zo da shi.

Sai dai abin da ke kashe wannan giya a jan kaya ba rashin girman fistin ba ne, zafi ne da yawan kai-komo tsakanin ta uku da ta huɗu a hawa. Ta huɗun tana da rabon 0.70, ta uku kuwa 1.00, kai tsaye. Da kaya mai nauyi a sa liba a 3, a motocin 1999 zuwa sama kuma a danna maɓallin Tow/Haul da ke kan libar. Wanda ke tuƙi a ƙasa mai zafi, ƙarin lagireton man giya a gaban na ruwa zai fi yi masa aiki fiye da kowane fistin.

16. Wannan bayanin ya shafi 700R4, ko a-kori-kurar Dodge da Ford?

700R4 sarbonta tsari ɗaya ne, 093 yana shiga, awon ma haka. Bambancin shi ne ita ba kwamfuta ke sarrafa matsin manta ba, wata waya ce da ke tafiya daga totur zuwa giya. Idan wayar ta yi sako-sako, matsi ya faɗi, giya ta ƙone ko da wane sarbo ka sa, don haka ita ake fara daidaitawa.

Dodge Ram masu 46RE, 47RE da 48RE ɗamara biyu gare su, kowace da notin gyaranta, ana ɗaurewa zuwa wani ƙarfi sannan a warware adadin zagaye da littafin motar ya faɗa, kuma adadin ya bambanta daga giya zuwa giya. Sarbonsu daga ciki yake, sai an sauke kasko da allon bawul. Ford F-150 mai 4R70W ma haka, ta ƙasa ake kai wa gare shi. Lambobi da awon da ke wannan shafi na dangin 4L60E ne kaɗai, kada a ɗora su a kan waɗannan.